Ta yaya za mu raba kujerun wakilan manoma tsakanin shiyyoyi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa rubuta tsarin mulkin ƙungiyar manoma. An ɗora mini tsara yadda za a zaɓi wakilai tara na kwamitin manoman tumatir ɗinmu a Jihar Kano, kuma aikin ya tsaya cak a kan rabon yankuna.

Da farko mun ɗauki shiyyoyi uku na KNARDA (hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar), wato Rano da Dambatta da Gaya, kowace ta kawo mutum uku. Mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam, da ke shiyyar Rano, suka ce ba su yarda ba, domin su ke noman rani da ruwan Tiga, yawancin kwandunan da muke kaiwa kasuwa daga wajensu suke fitowa. Ni dai ina ganin suna da hujja. Amma da muka gwada rabo bisa yawan amfanin gona, sai shiyyar Rano ta kusa kwashe kujerun, masu noma a gefen madatsar Watari da ta Thomas suka zama 'yan kallo, alhali kuɗin ƙungiya ɗaya kowa ke biya.

Ga kuma wanda gidansa ke cikin birni, gonarsa ta haya tana Kadawa. A ina zai jefa ƙuri'a?

Shin a ba kowace shiyya kujera biyu, sauran ukun su bi yawan mambobi masu rajista? In haka ne, bayan shekara nawa ya kamata a sake duba rabon? Don Allah wanda ya san inda aka gwada wannan ya faɗa mini yadda ta kaya.