Harafin 黒 na Japan: me wuta take yi a ƙarƙashinsa?

Ɗan Ringim:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan ina koyon rubutun Japan a waya, duk ran da na samu caji a bakin kasuwa. Takarda ta yi tsada, sai na kakkaɓe tsohon allona na makarantar Malam, ga alƙalamin kara ga tawada, in rubuta in wanke. Yanzu na maƙale a 黒, wato baƙi. An ce ɗigo huɗun nan na ƙasa wuta ce. To me ya haɗa wuta da baƙi? Ni dai na san wuta ja ce. Kuma yau in ji an karanta shi kuro, gobe in ji koku, kaina ya kulle.

Malama daga Kazaure:
Wa alaikumus salam ƙanena. Shiga madafar gidanku ka ɗaga kai ka dubi rufi. Kunkunniyar nan ita ce amsarka. Wani tsohon ƙamus na China, na wajen shekara ta 100 miladiyya, cewa ya yi baƙi shi ne launin abin da wuta ta turara. Masanan yanzu suna ganin asalin zanen mutum ne da aka yi wa tambari a fuska, amma ni kunkunniya ta fi zauna mini a kai. Abin da zai ba ka dariya: tawadarsu, sumi, 墨 ake rubuta ta, 黒 ne a kan 土, wato ƙasa. Da baƙin hayaƙi suke yin ta, su haɗa da danƙon fatar dabba inda mu muke sa ƙaro. Ashe abin da kake rubutawa shi ne a cikin kurtunka.

Bakanike, Bichi:
Kuro nasu ne na gado, koku aro ne daga China, kamar yadda muka aro kalmomin Larabci. Shi kaɗai kuro, siffa kuroi. In ya haɗu da wani harafi, sau da yawa koku: 黒板 kokuban, allon aji. Amma kar ka rantse, don riba 黒字 ce, kuroji, asara kuwa 赤字, jan rubutu. Kalma kalma za ka haddace, Malam.

Malama daga Kazaure:
Na manta, jan alƙalami 11 ne. Fara da na sama, wato 里, guda 7, sannan ɗigon, daga hagu zuwa dama. Hannun da ya saba da ajami daga dama yake son farawa, ka kula. In ka ga 黑 mai 12, na China ne. A aji biyu na firamare yaran Japan suke koyon nasu.

Ɗan Ringim:
Allah ya saka da alheri Yaya, wallahi daga dama nake ɗiga su. Jiya na cika allo da shi na jingine a zaure, Baba ya ɗauka ya juya shi sama da ƙasa, ya ce wannan hatimin wa ya ba ni, kuma maganin mene ne.