Kalmar "prepone": Turanci ce ko kuskuren Indiyawa?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Jiya wani ɗalibina ya rubuta cewa an yi "prepone" ɗin jarrabawa daga Alhamis zuwa Talata, na ja masa jan biro a ƙarƙashin kalmar, sai ya biyo ni yana cewa ai a wasiƙar wata jami'ar Indiya ya gan ta. Ni dai a wurina wannan kalma ba Turanci ba ce. Indiyawa ne suka ga "postpone" tana nufin ɗage abu zuwa gaba, sai suka cire "post" suka liƙa "pre", suka ɗauka sun samar mata da kishiya. Baturen Ingila "bring forward" yake cewa, Ba'amurke kuma "move up". Duk wanda yake da hujjar da ta saɓa wa wannan, ina saurare.

Malama Bilkisu: Wa alaikumus salam, Malam. Shekara uku na yi ina karatu a birnin Bangalore na Indiya, kuma babu makon da zai wuce ban ci karo da kalmar nan ba, ko a allon sanarwa, ko a jarida, ko a bakin sakatariyar likita idan ta kira ta ce an matso da ranar ganin likitan. Ba 'yan koyo ne kawai suke faɗinta ba, har da farfesoshi da lauyoyi. Ƙamus ɗin Oxford da na Cambridge duk sun shigar da ita, sun dai nuna cewa Turancin Indiya ce. Ta yaya kalmar da ƙamus ya karɓa za ta zama kuskure?

Malam Sani: Malama, aikin ƙamus shi ne ya tattara abin da mutane suke faɗa, har da baƙar magana da zagi. Shigarta ƙamus ba ya nufin na bar ɗalibi ya rubuta ta.

Usman: Allah gafarta Malam, da izininka zan ɗan sa baki. Cewa Indiyawa ne suka ƙirƙire ta bai dace da tarihi ba, domin an rubuta ta a Ingila tun 1549, cikin fassarar Zabura da Robert Crowley ya yi a waƙe, inda ya yi amfani da ita wajen cewa yana sanya Ubangiji a gaban idanunsa kullum. Tushenta Latin ne, "praeponere", wato "prae" mai ma'anar gaba da "ponere" mai ma'anar ajiyewa, kamar dai yadda "postpone" ta fito daga "postponere". Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ashe ke nan Turawa ne suka yar da kayansu, Indiyawa suka tsince shi suka adana.

Dakta Habibu: Ɗan'uwa Usman, shekarar da ka kawo daidai ce, amma hukuncin da ka ɗora a kanta ya fi ƙarfin hujjar. Duba ma'anar da Crowley yake nufi: ajiye abu a gaban wani abu, ko fifita shi, ba matso da lokaci kusa ba. Wannan ma'ana ta daɗe da mutuwa a Turanci, kuma babu wata sarƙa da ta haɗa Zaburar ƙarni na 16 da ofisoshin Delhi na ƙarni na 20. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne an sake gina kalmar ne daga tushe ta hanyar ƙiyasi: mutum ya san "prewar" da "postwar", wato kafin yaƙi da bayan yaƙi, ya san "postpone", sai harshensa ya cike gurbin da ya rage da kansa. Shaidar cewa wannan ƙiyasi ba ya buƙatar Ba'indiye ita ce, a 1913 wani mai karatu ya rubuta wa jaridar New York Times wasiƙa yana neman a ba shi dama ya ƙirƙiro "prepone" a matsayin kishiyar "postpone", musamman don amfanin lauyoyi, alamar bai ma san an taɓa rubuta ta ba. A Amurka shawarar tasa ba ta yi kasuwa ba, a Indiya kuwa kalmar ta samu gindin zama. Saboda haka Malam Sani ya yi gaskiya a kan yadda aka gina ta. Inda nake ja da shi kawai shi ne kiran ginin kuskure, domin da irin wannan ƙiyasi ne kowane harshe yake haihuwar kalmomi.

Malam Sani: Dakta, na gode da ka raba min gardamar gida biyu. Amma harshe ba ya haifar kalma sai da buƙata, kuma "bring forward" ta riga ta toshe wannan gurbin. Me ya sa za mu ɗauko wata?

Dakta Habibu: Gurbin bai toshu yadda kake zato ba, Malam. Masu nazarin harshe da tunani, irin su McGlone da Harding a 1998, da Lera Boroditsky bayansu, sun gwada wata jimla da ke cewa taron Laraba mai zuwa an yi masa "move forward" da kwana biyu, suka tambayi masu jin Turanci wace rana ce taron. Wasu suka ce Litinin, wasu suka ce Juma'a. Dalili shi ne wani yana ganin kansa ne yake tafiya cikin lokaci, don haka gaba a wurinsa Juma'a ce, wani kuma yana ganin lokaci ne yake tahowa gare shi, don haka abin da yake gaba shi ne mai fara isowa. Mu Hausawa ba mu cika faɗawa wannan rami ba, domin idan aka ce an ɗage biki kowa ya san ya yi nisa, idan aka ce an matso da shi kusa ko an dawo da shi baya kowa ya san an rage kwanaki. "Prepone" irin wannan aikin take yi, ba ta barin mai sauraro cikin shakka.

Malama Bilkisu: Sannan a tuna da yawan masu ita. A ƙidayar Indiya ta 2011 sama da mutum miliyan 120 ne suka ce suna jin Turanci, wato sun ɗara al'ummar Birtaniya gaba ɗaya yawa. Turanci ya karɓi "shampoo" da "bungalow" da "jungle" daga can ba tare da wani ya ɗaga hanci ba.

Malam Sani: Waɗancan aro ne, Malama, daga harsunan Indiya suka shigo, kuma ba su yi kama da tuntuɓen harshe ba. Ita wannan kama da Turancin da aka karya take yi, shi ya sa kunnen wanda bai saba da ita ba yake ƙin ta. Na janye maganata ta farko cewa ba Turanci ba ce. Amma ɗalibina takardar neman gurbin karatu yake shirin aikawa Ingila, kuma ban da tabbacin wanda zai karanta ya taɓa jin ta. Gobe zan goge jan layin, in rubuta masa a gefe cewa Turancin Indiya ce, ya ajiye ta sai ranar da zai rubuta wa Bangalore.

Usman: Malam, to makin da ka cire masa fa?

Malam Sani: Rabin maki ne, zan mayar masa.