Yarona ya koma masifaffe, ashe wai bacci ne ba ya samu

Maman yara, Birnin Kebbi: Salam 'yan uwa, don Allah wa ya taɓa ganin irin wannan. Babban ɗana shekararsa 15, yaro ne mai sanyi wallahi, amma tun bayan sallah ya koma kamar kububuwa, ƙanwarsa ta taɓa masa caja sai zagi, in aike shi ya kumbura baki ya bugo min ƙofa. Har na fara ce wa babansu ko rubutu za a karɓo masa. Shekaranjiya na fito kama ruwa wajen ƙarfe biyu sai ga haske ƙarƙashin zanin rufarsa, ashe datar dare mai arhar nan yake saye yana TikTok, da asuba kuma a tada shi masallaci, daga nan boko, da yamma islamiyya. Da na ƙirga ko awa huɗu bai cika samu.

Malamin sakandare, Argungu: Hajiya ba ke kaɗai ba ce. Darasin farko na safe rabin aji kai na kan benci, da can bulala nake sa musu ina cewa iskanci ne. Wani zangon wata yarinya ta fashe da kuka don kawai biro ɗinta ya ƙi rubutu, kuka sosai har da shessheƙa, da muka lallaɓa ta ashe ita ke raino da dare tunda mamarta ta haihu. Daga ranar na rage saurin hannu.

Nas, Gusau: Likitocin bacci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10 yake buƙata. Kuma abin da iyaye ba su cika sani ba, yaro in ya balaga agogon jikinsa ja baya yake yi, sinadarin melatonin mai kawo gyangyaɗi sai dare ya yi sosai yake fitowa, shi ya sa za ki kora shi shimfiɗa ƙarfe tara ya yi ta juyi ido biyu, ba taurin kai ba ne. Hasken waya kuma ƙara jinkirta abin yake. In baccin ya gaza, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da fushi sai ya yi ta zabura, na gaban goshi mai taka masa birki kuma dama bai gama nuna ba a shekarunsu. A jihar Kalifoniya ta Amurka har doka suka yi, tun 2022 manyan sakandaren gwamnati ba sa fara darasi kafin 8:30. Amma fa in kin gyara baccin sati biyu uku kika ga har yanzu ya daina cin abinci ko ya daina shiga mutane, ki kai shi asibiti kar ki tsaya.

Ɗalibi, Jega: Ni kaina ya faru da ni lokacin JAMB. Nescafe da goro nake haɗawa in kwana karatu, da rana in ji kowa haushi yake ba ni, har Inna na ɗaga wa murya kan tuwo ya huce, abin da har yau in na tuna kunya nake ji. Kuma karatun ma ba ya zama, in karanta shafi sau uku ban san me na karanta ba.

Baban Abba, Kaura: Ni dai ban yarda komai a ɗora wa bacci ba. Mu da muka tashi sammakon gona wa muka zaga? Amma gaskiya mu ana isha'i mun kwanta, ba waya ba komai. Ga zafin watan huɗu ba wuta, ɗaki kamar tanda, babba ma sai tsakar dare yake runtsawa bare yaro.

Anti, Gusau: Naku ma na waya ne. Ɗiyar yayata da suka baro ƙauye saboda 'yan bindiga, wata biyar tana wurina amma ko babur ya wuce da dare zumbur take miƙewa ta lalubi takalmi, da mayafinta take kwana. Da rana ko ta yi shiru kamar ba ta gidan ko ƙaramin abu ta yi ta kuka. Na dawo da ita ɗakina, ina barin ta ta yi ƙailula bayan azahar, ta ɗan fara dariya da yara yanzu, daren ne dai har yau da saura.

Maman yara: Na gode muku. Jiya na karɓe wayar ƙarfe goma na sa ƙarƙashin filona, an sha daru kam, har da cewa na tsane shi. Ina jinsa yana juyi har wajen sha biyu. Yau da safe dai ya gaishe ni ba tare da na roƙa ba, ya sha kokonsa ya fita. Babansu ne yanzu matsalar, shi ma nan yake kwance da tasa wayar har ɗaya saura.