Neman kalma: me za a kira "showjumping" da "sire" kafin ƙarfe 4?

Mai Shirin Wasanni: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau da ƙarfe 4 ina da shiri a rediyo, minti shida aka ba ni a kan wani jan doki na Faransa, Baloubet du Rouet. An haife shi a 1989, ya mutu a 2017 a Fotugal. A kansa Rodrigo Pessoa ɗan Brazil ya ci kofin duniya na showjumping sau uku a jere, 1998, 1999 da 2000. Kalmomi uku sun tsaya mini a wuya: showjumping, pedigree da sire. A taimaka don Allah, rana tana yi.

Hajiyar Fassara: Wa alaikumus salam. Ta farko, gasar tsallake shinge da dawaki. Ta biyu, asali ko tsatso. Ta uku ka ce uba kawai ka huta.

Ɗan Barga: Hajiya, shingen nan bai kwanta mini ba. Shinge na gona ne, ƙaya ko kara. Su sanduna ne ake ɗorawa, a manyan gasa tsayinsu kan kai mita 1.60, kofato na bugun ɗaya sai ta faɗo a rubuta wa mahayi laifi huɗu. Tsallake sanda ya fi kusa.

Malam Nahawu: Duk kun tsawaita. Bature ya haɗe kalmomi biyu ya sami ɗaya, mu me ya hana mu? Sukuwa da tsalle: SUKUTSALLE. Mai yi, ɗan sukutsalle. Jam'i, 'yan sukutsalle. Na daɗe da ƙirƙirarta, ba a dai ba ta dama ba.

Hajiyar Fassara: Allah gafarta Malam, in ya faɗi wannan a rediyo za a ɗauka sunan maganin basir ne.

Malam Nahawu: Haka aka yi wa kowace sabuwar kalma dariya kafin ta zauna.

Ɗan Barga: Ban da dariya ma, Malam, ba sukuwa ake yi ba. Mai sakin linzami irin na ranar hawan sallah ba zai wuce sanda ta biyu ba. Ana ƙirga wa dokin taku ne, a tattaro shi, sannan a sake shi ya tashi.

Mai Shirin Wasanni: To, pedigree fa? Ga abin da zan karanta: ubansa Galoubet A, kakansa Almé, uban kakan kuma sunansa Ibrahim. Uwarsa Mesange du Rouet. Na so in ce nasaba.

Malam Nahawu: Nasaba ta ɗan Adam ce, kuma Larabci ce. Tsatso ne namu. Sannan ina ba ka shawara ka tsallake sunan uban kakan nan, kada masu sauraro su cika ka da kira.

Baƙon Maraɗi: Malam, in za a kori Larabci, to a fara da linzami da sirdi da likkafa, sai mu ga da me za ka hau dokin. Larabawan ma ai suna ƙirga nasabar dawakinsu. Mu nan da Faransanci muka fara jin wasan, saut d'obstacles, ba maganar nuni ko kallo a ciki irin ta "show" ɗin Bature, tsallake abin da ya tare hanya ne kawai. Don haka ta Hajiya ta yi. Ku mutanen Kano kun cika son a ce daga bakinku kalma ta fito.

Malam Nahawu: Ni ba Bakano ba ne. Kuma Daidaitacciyar Hausa ba ni na kafa ta ba.

Ɗan Barga: In maganar doki ce ma a bar wa Katsinawa, su da ke buga folo tun zamanin Sarki Dikko.

Mai Shirin Wasanni: Jama'a, saura awa biyu. A dawo kan sire. Uba kawai ba zai isa ba, domin rabin labarin a nan yake. A 2012 da 2013 Baloubet ne na ɗaya a duniya a jerin dawakin da 'ya'yansu suka fi cin gasa. 'Yarsa, goɗiya Sydney Une Prince, tana cikin ayarin Faransa da ya ci zinare a wasannin Olamfik na Rio a 2016. Ɗansa Chaman kuwa Ludger Beerbaum na Jamus ya hau shi. Ina son kalmar da ke nuna dokin da aka ajiye don a ɗauki irinsa.

Ɗan Barga: A barga cewa muke dokin barbara. Ingarma girma da ƙarfi yake nunawa, ba lalle haihuwa ba.

Hajiyar Fassara: Barbara da ƙarfe 4 na yamma, yara na gida? Ka ce uban iri.

Baƙon Maraɗi: Uban iri kamar mai sai da irin gero a kasuwa. Amma ta fi barbara.

Malam Nahawu: Mahaifi. Ko kuwa ita ma an hana doki?

Mai Shirin Wasanni: Wata ta taso. A wasannin Olamfik na Sydney a 2000 ana ganin zinaren na Baloubet da Pessoa ne, sai a zagayen ƙarshe dokin ya ƙi tsallakawa har aka fitar da su. A Atina a 2004 na biyu suka zo, daga baya aka ƙwace zinaren daga Cian O'Connor na Ireland saboda an sami haramtaccen magani a jikin dokinsa, aka ba Pessoa. Ƙin tsallakawar nan me zan ce?

Ɗan Barga: Ya turje. Wannan ba ta buƙatar taro.

Malam Nahawu: Na yarda da turjewa. Sauran ban yarda ba.

Mai Shirin Wasanni: Na gode ƙwarai. Na rubuta gasar tsallake shinge da dawaki, zan ƙara da cewa shingen na sanduna ne don Ɗan Barga ya yi barci. Na ɗauki tsatso. Sire kuwa zan zagaye ta, in ce dokin da ake ɗaukar irinsa. Ibrahim zan faɗe shi, sunansa ke nan.

Malam Nahawu: Kalma biyar a wurin ɗaya. Ko sau ɗaya ka jefa sukutsalle a ƙarshen shirin, mu ji yadda za ta faɗa a kunne.

Mai Shirin Wasanni: Na shiga ɗakin watsa shiri, Malam.