Neman shawara: zan yi kwana goma a Osaka, me zan ci?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wurin aikinmu za su tura ni kwas na kwana goma a Osaka, ƙasar Japan, cikin watan Nuwamba. Maigida ya ce in cika jaka da kilishi da garin kwaki in huta, amma ni gaskiya ina so in ɗanɗana abincin mutanen garin. Tsorona ɗaya ne, naman alade da giya. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya taimaka min.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin komai ki bar kilishin nan a gida. Japan ba sa yarda a shigo da nama ko da busasshe ne. Akwai karnuka masu shinshina jaka a filin jirgin Kansai da ke kusa da Osaka, kuma tarar tana iya kaiwa yen miliyan 3, kuɗin Japan.

Anti Rabi: Ƙanwata, na yi shekara biyu a Kobe, nan kusa da Osaka. Aladen da ido ke gani ba shi ne matsala ba, na cikin romo ne. Taliyar ramen, musamman wadda suke kira tonkotsu, da ƙashin alade ake dafa romonta, don haka kada ki taɓa sai a shagon da ya rubuta halal. Haka okonomiyaki, wata waina ce ta fulawa da kabeji, galibi yankan alade ake shimfiɗa mata a kai. Sannan akwai mirin, giyar shinkafa mai zaƙi da suke zubawa a miya kamar yadda muke jefa daddawa. Ki sa a rubuta miki a kati da Japananci cewa ba kya cin alade da giya, ki riƙa nunawa. Suna da kunya da gaskiya, in akwai za su faɗa miki.

Amma ki je Dotonbori, wata unguwar masu sayar da abinci a cikin Osaka, da yamma ki tsaya gaban masu takoyaki. Wallahi tanda ce sak irin ta masa, sai dai raminta ƙanana. Su zuba ƙullu, su jefa yankan tako, wata halittar teku mai hannu takwas, su riƙa juyawa da tsinke har ya dunƙule. Ki tambayi abin da ke cikin ƙullun, ki karɓi na gishiri kawai ba miya, kuma ki bari ya huce, cikinsa yana ƙona harshe.

Maman Ilham: Anti na gode. To ita wannan tako ɗin ta halatta?

Malam Na Zariya: A mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, Hajiya. Abin da aka haɗa shi da shi za ki kula.

Ummu Yasir: Kuma tofu ɗinsu awara ce, mai laushi kawai. Ni ita da kifi gasasshe da shinkafa suka riƙe ni. Ki kiyaye soka sandunan cin abinci a tsaye cikin shinkafa, wa mamaci suke yin haka.

Anti Rabi: In kin samu Juma'a ki hau jirgin ƙasa zuwa Kobe, kamar rabin awa ne. Masallacin da ke can tun 1935 aka gina shi, kuma akwai shagunan halal a gefensa. Ki tafi da rigar sanyi, Nuwamba da dare akwai sanyi sosai.