Neman kalma: me za mu kira "petroleum ether" da Hausa?

Malamar kimiyya, Katsina:
Salamu alaikum, malamai. Ina rubuta takardar gargaɗi da Hausa da za mu liƙa a ɗakin gwaje-gwajenmu, saboda masu shara da masu ɗauko mana kaya daga sito ba duka ke karanta Turanci ba. Na kakare a kan kwalba ɗaya, wadda aka rubuta wa petroleum ether 40–60. Da shi ɗalibai ke tatso mai daga gyaɗa da riɗi a na'urar Soxhlet idan za su auna yawan maiƙonsu. Ruwa ne garau, ba launi, warinsa na fetur. Na rubuta "itar fetur", da na karanta a fili sai na ji kamar wata mata nake nunawa da yatsa. A taimaka mini da suna.

Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji, Zariya:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki ajiye "ita" ɗin nan gaba ɗaya, domin su Turawan ma sunan aro suka laƙaba masa. Ita ta asali, wato diethyl ether, sinadari ne daban mai oksijin a ƙirarsa, da ita aka sa majinyaci barci aka yi masa tiyata a Boston a 1846. Na kwalbarki babu oksijin a cikinsa sam, kabon ne da haidirojin kawai, galibi fenten da hekzen da ake tacewa daga ɗanyen mai. Saurin bin iskarsa ne ya jawo masa sunan.

Ko wane suna aka zaɓa, kada ki yar da lambobin. 40–60 na nufin yana tafasa tsakanin digiri 40 da 60 a ma'aunin Celsius, akwai kuma mai 60–80. Fenten shi kaɗai a digiri 36 yake tafasa. To ki tuna zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda ake haye 40 a inuwa, sannan ki dubi sito mai rufin kwano. Kwalbar da aka bari kusa da taga cika take yi da tururi, kina buɗe murfin ta yi miki tsartuwa a fuska. Tunda wasu kamfanoni petroleum spirit suke rubutawa, me zai hana a ce "sifirit ɗin fetur"?

Ɗalibin harhaɗa magunguna, Kano:
Baba, da izininka, sifirit zai jawo mana rigima. A kunnen mutanenmu sifirit shi ne abin da mai kemis ke goge wurin allura da shi, shi ne kuma mai aski ke zuba wa kilifa ya ƙyasta ashana. Ranar da wani ya ga wannan suna a kwalba ya ɗibi kaɗan ya kai wa abokinsa mai shagon aski, sai dai Allah ya kyauta. Kuma na kwalbar Malama ba ya warkar da ciwo, maiƙon fata yake kwashewa ta bushe ta tsattsage.

A guji "benzin" ma, ko da an ga petroleum benzine a wasu kwalabe. Harafi ɗaya ya raba shi da benzene, wanda ke haddasa sankarar jini, kuma a bakin Bahaushe duka biyun furuci ɗaya ne.

Malamin Hausa, Damagaram:
Gaisuwa gare ku. Mu nan éther de pétrole muke gani a kwalabe, cikas ɗin dai iri ɗaya. Ni ina ganin a fara daga aikinsa. Aikinsa narka mai da kitse da kakin zuma. Hausa na da hanyarta ta raɗa wa kayan aiki suna: buɗe ya ba mu mabuɗi, goge ya ba mu magogi, tsefe ya ba mu matsefi. Narka sai ya ba mu manarki, jam'insa manarkai. Da haka mun samu kalma ga solvent baki ɗaya, wato duk ruwan da ke narkar da wani abu, wannan kuma ya zama "manarkin mai".

Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji, Zariya:
Allah gafarta Malam, manarki ya yi daɗi, na karɓa. Amma "manarkin mai" ba ya tsorata kowa, ni kuwa sunan da zai sa mutum ya kashe sigarinsa tun daga bakin ƙofa nake nema. Yaro ɗan shekara bakwai ya san ba a kai wuta kusa da fetur. Wannan tsoron kyauta muka same shi, bai kamata mu bar shi ya wuce mu ba. A sa fetur a gaba: fetur manarki.

Bari in faɗi abin da nake gudu. Ba ruwan ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne, kuma ko a sanyin da ya kai ruwa ya daskare yana fitar da wanda ya isa ya kama. Abin da bai fi kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari na iskar ɗaki ba ya wadatar. Tururin ya ninka iska nauyi wajen sau uku, don haka ba sama yake yi ba, kan tebur yake bi ya gangaro ƙasa ya malala. Murhun Bunsen da ke can ƙarshen tebur zai iya kunna shi, wutar ta biyo sawu har bakin kwalba. Shi ya sa ba a ɗora shi a kan harshen wuta. A ruwan zafi ake ɗumama shi, a cikin akwatin zuƙe tururi. Ba a kuma ajiye shi a firji irin na gida, saboda ɗan tartsatsin makunnin cikinsa ya isa ya tarwatsa ƙofar. Lokacin hunturu kuwa, da iska ke bushewa har mayafi na ba da tartsatsi, idan za a juye shi daga babban duro sai an haɗa duron da mazubin da waya zuwa ƙasa.

Kada a zuba ragowarsa a magudana. A kan ruwa yake yawo, ba ya gauraya. A birnin Louisville na Amurka, ranar 13 ga Fabrairu 1981, hekzen da ya kwarara daga wata masana'antar sarrafa waken suya ya taru a magudanun ƙarƙashin ƙasa, ya fashe da asuba ya yi kaca-kaca da tituna.

Malamar kimiyya, Katsina:
Baba, tsorona ɗaya: ana ganin "fetur" wani zai ɗura a babur. Sannan tururi zan rubuta ko hayaƙi?

Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji, Zariya:
Wanda ya ɗura a babur inji zai yi ta ƙwanƙwasa masa, don ba shi da ƙarfin man gidan mai. Maganin wannan kwaɗo da makulli ne, ba canja suna ba. Hayaƙi kuma ana ganinsa, yana nufin wuta ta riga ta kama. Ki rubuta tururi, amma ki ƙara "mai bin ƙasa", tunda tururin da aka sani na tukunya sama yake tafiya.

Ɗalibin harhaɗa magunguna, Kano:
Malama, ki ƙara layi biyu. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara yadda ake yi wa yaran da suka sha kananzir. Haɗarin shi ne ya sarƙe ya shiga huhu. A kai shi asibiti tare da kwalbar. Na biyu, yawan shaƙarsa ba jiri da ciwon kai kaɗai yake kawowa ba. Hekzen na lalata jijiyoyin hannu da ƙafa a hankali; an gano haka a Japan a shekarun 1960 wajen masu haɗa takalman roba a gida da gam mai hekzen, yatsunsu suka riƙa mutuwa, tafiya ta gagari wasu.

Malamin Hausa, Damagaram:
Na sakar wa Baba. Fetur manarki ya zauna a baki, kuma ba a sha wahalar rubuta shi da boko ko ajami. A bar sunan Turancin a ƙasa da ƙananan haruffa saboda mai sayo kaya.

Malamar kimiyya, Katsina:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan kai a buga:

FETUR MANARKI 40–60. Yana saurin kama wuta. Tururinsa mai bin ƙasa ne, ba a ganinsa. A kashe duk wata wuta kafin a buɗe, a rufe da zarar an ɗiba. A sa safar hannu da tabarau. Idan ya taɓa fata, a wanke da ruwa da sabulu. Ragowa a kwalbar shara mai murfi, ba a magudana ba. Idan ya kama, a yi amfani da yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda, kada a watsa ruwa. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai, a garzaya asibiti.

Saura kwalbar chloroform, amma wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.