Sitikar girafin a bayan waya: kariya ce ko cin kuɗi?

Mai shago a Terminus, Jos: Salamu alaikum jama'a. An kawo mana wata sitika baƙa, ana manna ta a bayan waya. Mai kawowa ya ce da wani sinadari mai suna girafin aka yi ta, wai tana tare radiyeshin ɗin waya kada ya shiga kai. Na karɓi kwali guda, amma kafin in fara sayar wa mutane ina so masu ilimi su ce wani abu. Ni dai na manna a tawa, kuma ciwon kan da nake yi da daddare ya ragu.

Malamin fiziks, Farin Gada: Wa alaikumus salam Alhaji. Tambaya ɗaya tak: tun da ka manna, kira yana shigowa?

Mai shago a Terminus: Lafiya lau, har intanet.

Malamin fiziks, Farin Gada: To ai ka amsa wa kanka. Abin da ake kira radiyeshin ɗin waya shi ne saƙon da take aika wa turken sabis. Da sitikar ta tare shi, da wayar ta zama dutse a aljihunka. Ka naɗe ta ruf da takardar alminiyom irin ta gasa kifi, ka sa yaronka ya kira, za ka ji an ce a kashe take ko ba ta cikin sabis. Tarewa ta gaske kenan.

Injiniya, Rayfield: Malam, kada ka yi saurin yanke hukunci. Girafin ba tatsuniya ba ne. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓare shi daga girafayit, wato baƙin cikin fensir, da salatif kawai, a Jami'ar Mancesta, aka ba su Nobel a 2010. Kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya ce ta kabon, kuma yana ɗaukar lantarki sosai. Duk abin da ke ɗaukar lantarki yana iya mayar da igiyoyin rediyo baya ko ya shanye wani ɓangare. Shi ya sa ake cuɗa shi da roba ko fenti a yi garkuwar na'urori, don ya fi ƙarfe rashin nauyi kuma ba ya tsatsa.

Malamin fiziks, Farin Gada: Ban musa ko ɗaya ba Injiniya. Amma garkuwa sai ta kewaye abu. Ɗan faci kamar kwabo a bayan waya, alhali kunnenka yana gaba, kamar ka toshe rami ɗaya a rariya ne ka ce ka tare ruwa. Abin da ya fi muni, in facin ya faɗa kan eriya, wayar za ta ga sabis ya yi rauni ta ƙara ƙarfin aikawa. Batir ya sha wuya, abin da ake gudu ya ƙaru. Hukumar FTC ta Amurka, mai kare haƙƙin masu saye, ta daɗe da gargaɗin mutane a kan irin waɗannan kayan saboda wannan dalili.

Mai shago a Terminus: To ciwon kaina fa? Ƙarya nake yi?

Anti nas, Rikkos: Haba Alhaji, wa ya isa ya ce haka. Amma ciwon kai yana zuwa yana tafiya, ga sanyin garin nan ga rashin barci. In mutum ya sa rai abu zai yi masa aiki, sau da yawa yakan ji sauƙi. Ka zo a auna maka hawan jini dai, ya fi sitika.

Baba, Bukuru: 'Ya'yana ku bari in sa baki. Ni na tashi a gidan masu haƙar kuza. Kuna tsoron waya, ga ƙasar da aka bari bayan wankin kuza jibge a Bukuru da Bisichi, yara suna wasa a kai, wasu har gini suke yi da ita. Masu bincike sun sha zuwa da na'ura suna cewa akwai radiyeshin a ciki. Wannan sitikar za ta tare shi?

Malamin fiziks, Farin Gada: Allah ya ƙara girma Baba, ka taɓo inda ya kamata. Wancan daban ne. A ragowar kuza akwai ma'adinin monazayit mai ɗauke da sinadarin toriyom, kuma irin nasa yana da ƙarfin lalata ƙwayoyin halitta. Na waya bai kai wannan ƙarfin ba, ɗumi kaɗan yake sawa. Suna ɗaya ne ya haɗa su. Sitika ba ta da abin yi da ko ɗaya.

Injiniya, Rayfield: Amma IARC, hukumar binciken ciwon daji ta duniya, ta sa igiyoyin waya a rukunin 2B tun 2011, wato mai yiwuwa su jawo ciwon daji. Ba za ka ce wa mutane babu komai ba.

Anti nas, Rikkos: Injiniya, tunda ka kawo 2B, ita IARC ɗin a 2014 ta sa wani nau'in bututun kabon dangin girafin, MWCNT-7, a wannan rukunin. Siraran bututan nan da Sumio Iijima ya bayyana a 1991, dogayen cikinsu sun yi wa ɓeraye illa irin ta asbestos a gwaji. Kanada ma a 2021 ta janye takunkumin fuska masu girafin har sai da aka duba ko ana shaƙarsa. Kada a gudu daga 2B a faɗa 2B.

Injiniya, Rayfield: Anti kin kama ni. Sai dai wanda ke manne cikin roba ba ya tashi a shaƙe shi. Ni abin da nake gudu shi ne a ɓata sunan abu mai amfani. Tun 2007 aka nuna girafin yana iya gane ƙwayar iskar gas guda ɗaya in ta sauka a kansa, shi ya sa ake ƙoƙarin yin na'urorin gwajin jini da na numfashi da shi. Huawei ma ta sa shi a wayarta Mate 20 X a 2018, amma don fitar da zafi.

Malamin fiziks, Farin Gada: A cikin wayar, inda injiniyoyi suka auna. Sannan wa ya tabbatar mana akwai girafin a sitikar Alhaji? Baƙar leda ma baƙa ce.

Mai shago a Terminus: Wato kwalin nan asara kenan.

Baba, Bukuru: Mayar masa da kayansa ɗana, tun bai canza lamba ba.

Injiniya, Rayfield: Kafin ka mayar, ajiye min guda biyu. Zan duba lambar ƙarfin sabis a saitin waya, da sitika da babu, a wuri ɗaya, sau goma.

Anti nas, Rikkos: Mai tsoro ya sa waya a sifika ko ya yi amfani da iyafis, nisa da kai shi ke rage abin. Alhaji ina jiranka ranar Litinin, kuma kada ka sha shayi mai ƙarfi kafin ka zo.